Gurbin Amshi

Tun ranar da na sauko daga jirgi bakina bai huta ba. A gidan suna a tare ni, a layin markaɗe a tare ni, har wata da rabona da ita tun muna ƴan mata ta nemo lambata don ta ji ko da gaske ne a Riyad ba a ɗauke wuta. Tambayar kowa biyu ce: yaya garin yake, kuma fim ɗinmu zai ci kyautar ko ba zai ci ba. Na gaji da gutsura labarin ina ba kowa loma, ga shi duk wadda na ba guntu sai ta ƙara masa gishiri kafin ta kai gaba. To ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa na kusa da shi. Amma tun yanzu nake faɗa, wanda ya zo neman labarin daɗi ya yi haƙuri.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ladidi, ƴar Zariya ce ni, kuma rabin rayuwata a kan daɓe na yi shi ina jan ƴan amshi. Ƙungiyar wasan kwaikwayo gare mu a da. Yayana Iliya ne ya kafa ta, shi ne kuma ya tsara wasan da ya fitar da sunanmu. Wasa ne na waƙa tun daga farko har ƙarshe, labarin wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ya bar gida ya daɗe, sannan ya dawo bai san ko za a karɓe shi ba. A ƙarshen wasan yakan tsaya a ƙofar gidansu da gurmi a hannu, ya rera, “Na dawo, wa ke gida?” Sai kiɗa ya tsaya cak. Mu ƴan amshi a wurin ba ma buɗe baki. Tun tsakiyar wasa mun riga mun maimaita amshin har ya zauna a bakin kowa, don haka ƴan kallo ne ke ɗaukarsa da kansu: “Muna nan, ƙofa a buɗe take.” Wannan shirun da ake bar wa jama'a shi Yaya ke kira gurbi. Yakan ce duk sauran wasan hanya ce kawai ta zuwa wurin.

Da kallo ya koma faifai, daga faifai ya koma waya, sai zaurukan suka bushe. Ƙungiya ta watse. Yaya ya ɗauki abin a ransa kamar shi ya kashe ta da hannunsa. Ya samu hanyar Saudiyya, ya tafi tuƙin tankar ruwa, tun daga nan ko hutu bai taɓa zuwa ba. In Inna, mahaifiyarmu, ta matsa masa a waya, sai ya ce da wace fuska zai shigo unguwa.

Ana nan sai wani matashin darakta mai suna Nura ya zo ya ce zai mayar da wasan fim. Ya kira Yaya neman izini, Yaya ya ce sharaɗinsa ɗaya ne, kada a taɓa gurbin. Nura ya yi alkawari, kuma ya cika. Ni na koyar da ƴan amshin fim ɗin. Ranar da aka nuna shi a Zariya, da aka zo wurin, zauren nan gaba ɗaya ya amsa. Na ɗauka a waya na tura wa Yaya. Sai washegari ya turo min murya yana tari yana dariya.

Bayan nan ne labari ya zo cewa an zaɓi fim ɗin a wani bikin finafinai a Riyad, kuma yana cikin masu neman kyautar waƙa. Kun san yadda garin nan ya ɗauka. A rediyo ana ta lissafi, wai babban abokin karawarmu wani fim ne na Masar, wai na Indiya kiɗansa ya yi yawa alƙalai ba za su so ba. Mutanen da ko rabin fim ɗin ba su kalla ba sun riga sun raba kofin. Nura kuma ya gaya wa Yaya in aka dace akwai fim na biyu, Yaya ne zai tsara waƙoƙin. Takardar zaman Yaya, wadda suke kira iƙama, ta kusa ƙarewa. Yaya ya ce wa Inna in ya zauna a zauren nan ya ji an amsa waƙarsa, ba zai sabunta ba, gida zai taho.

Inna yanar ido ta kusa rufe mata gani. Ranar da zan tafi ta riƙe min hannu ta ce, “Ladidi, ni ba ruwana da kofinsu. Ki dawo min da yayanki tun ina iya bambance fuska.” Ta sa na sauko da gurminsa daga inda yake rataye a ɗakinsa, na naɗe shi a zane. Wannan shi ne ainihin abin da ya kai ni Riyad.

Nura da taurarin fim ɗin sun riga ni tafiya, ni kaɗai na bi motar haya zuwa Kano. Jakata rabi kaya rabi cefane: kuka, daddawa, yaji, kilishi. A filin jirgi wani jami'i ya buɗe ta, warin daddawa ya buge shi, ya mayar ya rufe da sauri ya ce in wuce Allah ya kiyaye hanya. Muka yada zango a Addis Ababa, muka zauna a kan kujerun ƙarfe masu sanyi har ƙafafuna suka kumbura. Wata Hajiya ƴar kasuwa da ta saba hanyar ta zauna kusa da ni. Ta dubi hannuna ta ce, “Baiwar Allah, wa ya ce ki yi lalle?”

Na ce ai taro za mu, za a ɗauke mu hoto. Ƴan uwa ne suka zaunar da ni aka yi min ja da baƙi har kan yatsu.

Ta ce, “To Allah ya ba ki haƙuri.”

Ban gane ba sai da muka sauka Riyad da hantsi. A wurin shige da fice akwai na'urar da ake ɗora yatsu. Kowa ya ɗora ta yi kore ya wuce, ni na ɗora ta yi ja. Jami'ar da ke wurin, idonta kawai nake gani, ta fesa min wani ruwa ta goge, na sake ɗorawa, ja. Ta danna min hannu da nata har na ji ƙashina, ja. Aka ware ni gefe. Layinmu ya ƙare, na wani jirgi ya zo ya ƙare, ina zaune da hannu a cinya, kwalliyar da aka ɓata yini ana yi ta zama abin kunya. Daga ƙarshe ɗan yatsana na hagu da lallen bai kama sosai ba ya cece ni. A wurin binciken kaya kuma suka kwance zanen suka ga gurmi. Wani ya juya ƙwaryar ya leƙa ko da wani abu a ciki, ya ja tsirkiyar, ta yi ƙara, ya yi murmushi ya miƙo min.

Na fito ina dube-duben Yaya, sai wani dogon mutum mai furfura a gemu ya tare ni ya ce shi Malam Habu ne, mutumin Dutse, ɗakinsu ɗaya da Iliya, motar haya yake ja. Ya ce Yaya yana dawam, wato yana kan aiki, mudir, shugaban aikinsu, bai sake shi ba. Raina ya sosu, shekaru ina jiran wannan ganin. Muna hawa titi Malam Habu ya gyara murya, ba zato ba tsammani ya rera, “Muna nan, ƙofa a buɗe take.” Muryar kamar ta tsohon injin niƙa, amma karin daidai yake.

Na ce, “Malam, a ina ka samo wannan?”

Ya ce, “Hajiya, ai duk ƴan ɗakinmu da na maƙwabta mun haddace. Yayanki ya hana mu barcin rana tun da aka ce fim ɗin zai zo. Ya ce Larabawa ba za su amsa ba, mu ne za mu cike gurbin.”

Masaukin da aka ba ni ƙaramin otal ne a Dira, tsohon cikin gari, kusa da wani ginin ƙasa mai kauri da suke kira Masmak. Manyan baƙi suna can wani dogon bene a arewacin gari. Ban damu ba, ɗakin tsaf yake, ruwa har na zafi. Abin da ya dame ni shiru. A gida in kika kwana a ɗaki kika kai hantsi ba ki fito ba, mutum biyar sun buga ƙofa sun ce ko lafiya. A can ko mutuwa kika yi sai mai shara ya gano. Na fita in duba ko akwai maƙwabciyar da zan gaisar, ƙofa ta ja kanta ta kulle, katin buɗewa yana ciki. Haka na sauka ƙasa ba takalmi ina yi wa yaron da ke kantar otal ɗin bayani da hannu. Da safe abincinsu wani faffaɗan burodi ne mai zafi, tamis, da dafaffen wake da aka dame da mai. Ba laifi, amma sai da na barbaɗa yajina kafin ya wuce.

A kasuwar Dira na shiga shagon wani tsoho mai turaren wuta. Ya zuba min gahawa a ɗan ƙoƙo kamar murfin kwalba. Ɗaci ga ƙamshin citta-citta. A gidanmu in an ba ka abu ka shanye ka miƙa ƙoƙo, an gama. Na shanye na miƙa, ya sake cikawa. Na daure na shanye na miƙa, ya ƙara. Ina ta sha don kada in yi rashin kunya, shi yana ta zubawa don kada ya yi rowa, har zuciyata ta fara bugawa. Sai wata mata ta kama hannuna ta girgiza ƙoƙon, tsohon ya ajiye butarsa. Ashe haka ake cewa ya isa.

Sai bayan Magariba na ga Yaya, a Batha. Batha kasuwa ce da ba ka jin Larabci sosai, ƴan Indiya ne da ƴan Pakistan da ƴan Sudan da namu, shagunan waya da na tura kuɗi gida, hayaƙin motoci da warin soye-soye. Yana tsaye a ƙofar wani gidan abinci. Na wuce shi, wallahi na wuce shi. Sai da ya ce “Auta” na juyo. Ya rame, kansa ya yi fari, kafaɗarsa ɗaya ta sauka. Na durƙusa zan gaishe shi kuka ya ƙwace min.

Ya ce, “Halas, ya isa, tashi, a nan ba a durƙusawa a titi.”

Muka shiga ɓangaren iyali, wani lungu da labule, aka kawo shinkafa da kaza a faranti ɗaya, kabsa. Yana ci yana tari. Ya ce ƙurar wurin gini ce, ba komai. Ya tambayi Inna, na gaya masa gaskiyar idonta. Ya ajiye cokali ya daɗe yana kallon labulen. Na miƙa masa gurmin. Ya kwance zanen, ya shafa fatar, bai kaɗa ba. Ya ce yatsunsa sun sandare da sitiyari, sai ranar Juma'a da za a nuna fim ɗin, bayan an amsa.

Daga nan ya ce in zo in ji yaransa. Na zaci ɗakinsu za mu, ya ce mace ba ta shiga masaukin gwauraye, kuma a titi ba a taruwa ana waƙa. A bayan wani gini akwai doguwar motar ɗaukar ma'aikata, direbanta ɗan Gusau ne. A ciki suke gwaji, gilasai a rufe. Na hau na tarar da manyan mutane cike da kujeru, magina da direbobi da masu gadi, har da wani ma'aikacin jinya da ya zo da rigar asibiti. Yaya ya tsaya a gaba ya ɗaga hannun dama kamar yadda yake yi a daɓe. Muryarsa ta dishe, amma ya ja, “Na dawo, wa ke gida?” Ya sauke hannun, motar ta ɗauka. Wasu sun yi sama wasu sun yi ƙasa, na ce su tsaya, na raba su, masu kauri baya masu siriri gaba, muka sake. A karo na gaba ya fito har gilas yana rawa. Wani magini ɗan Azare ya share ido da hularsa ya ce, “Anti, ki yi haƙuri. Tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa ce min shigo.” Kowannensu sai da ya roƙi mudir ko ya yi musayar aiki da wani kafin ya samu yammacin Juma'ar.

Ana jibi za a nuna fim ɗin aka kwashi baƙin biki zuwa Dir'iyya, tsohon garin sarakunansu a bakin wani kwari. Ginin ƙasa ne irin namu, da azara da soraye. Mu muna barin namu ruwa yana cinyewa, su sun shafe nasu sun sa masa fitilu ana zuwa kallo. Bayan katangar kwano kuma gini ake ta yi ba iyaka, ga tankokin ruwa suna wucewa a jere suna yayyafa wa ƙasa. A nan Yaya yake aiki, ya ce in ya hango motarmu zai yi ham. Na ji ham ya fi a ƙirga, ban san wanne ne nasa ba.

A motar ne na samu zama kusa da Nura. Sai murna yake, wai wani tafinta ɗan Sudan ya raɗa masa cewa alƙalai suna yabon waƙoƙinmu, musamman ta ƙarshe. Na ce to ai bai ga komai ba, na ba shi labarin mutanen Batha da gwajin da suke yi a mota. Sai na ga fuskarsa ta canja. Ya ce, “Anti, su nawa ne?” Na ce sun cika mota. Ya goge goshi ya ce, “Anti, akwai maganar da za mu yi.” Kafin ya faɗa wata ƴar jarida ta jawo shi. Na kira shi da yamma bai ɗauka ba, na ce hidima ce ta yi masa yawa.

Ranar Juma'a bayan La'asar muka haɗu a ƙofar silima. Ku zo ku ga mutanen nan. Kowa ya ciro kaftanin sallarsa daga ƙasan akwati, ga karin guga, ga hula an kafa. Yaya ya sa farar shadda da na san ta tun a gida, ta yi masa yawa yanzu. Gurmin yana motar Malam Habu, wai in an fito zai kaɗa mana ko a cikin mota ne. Muka cika layuka biyu na baya.

Zauren sanyi kamar cikin randa. Larabawa da Turawa da sauran baƙi sun cika gaba, ana rubuta musu fassara a ƙasan majigi. Mu a gida da fim ake hira, a zagi mugu, a gargaɗi yarinya kada ta shiga ɗakin. A can ko tari mutum zai yi sai ya toshe baki. Malam Habu ya yi dariya a wani wuri, wani ma'aikaci ya hasko shi da ƴar fitila. Yaya bai motsa ba tun da aka fara. Leɓensa kawai ke bin waƙoƙin.

Aka zo ƙarshe. Ɗan wasan ya sauka daga jirgi, ya bi lungu, ya tsaya a ƙofar gida. Na ji kujeru suna ƙara, mutanenmu suna gyara zama. Yaya ya ɗaga hannun dama. Na ji layuka biyu sun ja numfashi tare. Ɗan wasan ya rera, “Na dawo, wa ke gida?”

Kiɗan bai tsaya ba. Wasu goge na Turawa suka taso, sannan daga lasifikokin bango ta ko'ina muryoyi masu santsi suka amsa, “Muna nan, ƙofa a buɗe take.” Ba a bar ko tazarar haɗiyar yawu ba. Ɗan Azare da wani sun fara, lasifika ta danne su, suka yi shiru suna kallon juna. Sauran numfashin da suka ja haka suka sake shi a hankali. Hannun Yaya yana sama. Ya daɗe a can, sannan ya kai shi kan hularsa kamar dama gyara ta zai yi.

Fitilu suka kama, zauren ya miƙe yana tafi. Wata Balarabiya a gabanmu tana share hawaye. An so fim ɗin, ba zan ɓoye ba, an so shi ƙwarai. Mutanenmu ma suka miƙe suka tafa, don ba su san abin da za su yi da hannuwansu ba.

A farfajiya Nura ya ratso mutane ya zo ya durƙusa gaban Yaya, da kwat ɗinsa da komai. Ya ce, “Baba, ka yafe min. Da na turo fim ɗin kirana suka yi suka ce sauti ya yanke a ƙarshe, in gyara ko su ajiye shi. Na yi musu bayani, suka ce a nan ba wanda zai amsa, alƙalai za su ɗauka kuskure ne. Da ban cike ba, da ba mu zo nan ba. Na rasa bakin da zan gaya maka.”

Ni kam na buɗe baki. Na ce masa ya ci amana, na ce ya bar dattawa sun bar aikinsu suna gwaji a mota kamar ɓarayi, waya ɗaya ta gagare shi. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Yaya ya ce, “Auta, ya isa.” Ya kama Nura ya tashe shi. Ya ce, “Su wa suka yi amshin?”

Nura ya sunkuyar da kai ya ce, “Mutum uku ne a situdiyo, aka ninninka muryarsu.”

Yaya ya gyaɗa kai. Ya ce, “Ya yi kyau. Ka ga ai sun tafa.” Ya juya wurin mutanensa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu yana ba su haƙuri. Suka tafi neman motar Batha, wasu da asuba za su tashi aiki.

Washegari da rana Yaya ya zo masaukina a lokacin hutunsa, da kayan aiki a jikinsa. Muka zauna a kujerun ƙasa. Ya ajiye gurmin a gabana, a naɗe yadda na kawo shi. Ya ce ya gaya wa mudir a sabunta iƙamar.

Na ce, “Yaya, saboda shirun da bai kai minti ba? Ai a gida an bar shi, an kuma amsa, ka ji da kunnenka. Ga shi ana cewa za mu ci kyautar.”

Ya ce, “In an ci, wanne aka ba? Wanda aka cike. Daga yau shi ne fim ɗin, shi za a kai ko'ina, na biyun ma haka za a so shi. Ni abin da na iya ke nan, in bar wuri mutane su shigo. Yaron nan bai yi laifi ba, ya nuna min ne ba a buƙata.”

Na ce, “To bar waƙa. Inna fa? Ita ba waƙa ta aiko ni in kawo ba.”

Ya murza hular aikinsa. Ya ce, “Baɗi, in Allah ya so.” Na san wannan baɗin, shekara da shekaru muna jin sa a waya. Na yi masa faɗa, na yi roƙo, na yi kuka har yaron kanta ya kawo min ruwa. Na ji haushinsa kamar in mare shi, na kuma ji tausayinsa. Mutum ne da ya jingina komowarsa a kan abu ɗaya, aka zare abin yana kallo.

Ba a raba kyaututtukan sai an gama nuna duk finafinan, kwanakin da aka ba ni kuma ba su kai can ba. Shi da Malam Habu suka kai ni filin jirgi da safe. Da muka tsaya na ce, “Yaya, ja min sau ɗaya. Ni kaɗai zan amsa maka, ba lasifika.”

Ya dube ni ya ce, “Ban dawo ba, Auta. Ta yaya zan ce na dawo?”

Ya ɗauko jakata ya ɗora a amalanke, ya ɗora gurmin a kai.

To masu tambayar kyauta, har yanzu da nake wannan bayani ba a sanar ba. Nura ya ce alamu suna da kyau, masu lissafi a rediyo ma haka suke cewa, kuma ni ma ina ganin za a iya ci. In an ci ku yi murna, yaran sun sha wahala, sun cancanta. Roƙona kawai kada a zo ƙofar gidanmu da kiɗa.

Washegari da La'asar na iso gida. Tun daga soro na ga an share tsakar gida, an wanke labulen ɗakin Yaya an shanya, ga ƙamshin miyar kuka da man shanu, abin da ya fi so. Ina ƙoƙarin shigo da kaya sai gurmin ya bugi bakin ƙofa, zanen ya zame, tsirkiyar ta yi ƙara. Kafin in yi sallama na ji muryar Inna daga ɗaki, tana rawa saboda tsufa, tana rerawa: “Muna nan, ƙofa a buɗe take.”

Ta fito tana dafa bango. Ta zo daf da ni ta ƙura min ido har ta gane ni, sannan ta karkata kai tana leƙen bayana. Ta daɗe tana leƙe.

Na ce, “Ni kaɗai ce, Inna.”

Ta miƙo hannu ta karɓi gurmin, ta rungume shi a ƙirji. Na juya zan tura ƙofar soro.

Ta ce, “Bar ta haka, kada ki rufe.”